Aljihu ne ko damuwa ta ɓata mini ci?

Tambaya: Ni tela ne a unguwar Birni, Damagaram, shekaruna 52. Tun da ciniki ya ja baya nake kwana da tunani, har na koma shayi da burodi safe da dare. Rashin kuɗi ne ya jawo haka ko damuwa?

Amsa: Malam, duka biyun suna da hannu. Idan samu ya ragu, nama da kayan lambu ake fara yankewa, a koma ga shinkafa, mai da sukari, domin suna ƙosarwa da arha. Damuwa kuwa tana hana barci, tana kuma ƙara kwaɗayin zaƙi, alhali a irin shekarunka ne hawan jini da ciwon suga suke yawan bayyana.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Wannan bai fi ƙarfinka ba, domin a Kasuwar Dole wake da zogale ba su kai nama tsada ba, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi burodi amfani nesa. Ka rage sukarin shayi, ka daina ci kai kaɗai a shago, ka kuma je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita batun rashin barcin.