Tambaya da Amsa: Wane karatu ake yi kafin a zama dillalin gidaje mai lasisi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama sakandare, yanzu ina bin kawuna muna dillancin gidaje da filaye. Shi bai yi boko ba, amma duk unguwa an san shi. Wani abokina da ke Amurka ya ce min a can kwas na 'yan watanni ake yi, a zana jarrabawa, a ba mutum lasisi. Mu a nan wane karatu zan yi in samu irin wannan lasisin? Na gaji da a riƙa kallonmu kamar 'yan buga-buga.
Daga wani mai karatu, Kurna, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin: a Texas sai mutum ya yi awa 180 na darasi, a New York awa 77, sannan ya ci jarrabawar jiha, ya fara aiki a ƙarƙashin babban dillali. Najeriya ba haka tsarinta yake ba, kuma rashin sanin wannan ne ke sa samari zuba kuɗi a taron bita na kwana uku a otal, a miƙo musu takarda mai adon zinare su ɗauka lasisi ce. Wannan takardar shaidar halarta ce kawai.

A nan sana'a biyu ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai dillanci irin na kawunka: haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa a karɓi la'ada. Akwai kuma aikin ƙwararren mai kimanta kadara, wanda banki ke nema kafin ya karɓi gida jingina, ko gwamnati idan za ta biya diyyar filayen da hanya ta bi ta kansu. Wannan na biyun shi ne doka ta tsare da gaske. Hukumar ESVARBON, wadda aka kafa da doka ta 24 ta shekarar 1975, ita ke yi musu rajista ta ba su hatimi, ƙungiyarsu kuwa NIESV ce, tun 1969 take. Duk gogewar kawunka, in ya rubuta wa banki cewa gida kaza ya kai miliyan kaza, ba za a karɓa ba, don babu hatimin a kai.

Hanyar zuwa can doguwa ce. Ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ka duba: kana buƙatar kiredit biyar, a ciki dole da Turanci da Lissafi, kuma makarantu na neman darasin Tattalin Arziki. Idan Lissafin ne ya kayar da kai, kamar yadda yake yi wa yaranmu da yawa, koma ka sake zanawa kafin ka sayi fom ɗin JAMB. Kwas ɗin da za ka cike sunansa Estate Management. Ana yin sa a Jami'ar Bayero nan kusa da kai, da ATBU ta Bauchi, da jami'ar fasaha ta Minna, shekara biyar. Ko kuma ka bi ta kwalejin fasaha irin ta Kaduna: ND shekara biyu, shekara guda ta sanin makamar aiki, sai HND shekara biyu. Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar hukumar ESVARBON ta amince da kwas ɗin a makarantar da ka zaɓa.

Bayan hidimar ƙasa sai ka shiga NIESV a matsayin mai koyo, ka yi aƙalla shekara biyu a ofishin wanda ya riga ya sami rajista, kana rubuta ayyukan da ka yi. Akwai jarrabawar ƙungiya, akwai rahoton da za ka rubuta ka kare a gaban manya. Sai ka tsallake wannan, sannan ESVARBON za ta saurare ka. In ka haɗa lissafi, shekara takwas ce ko fiye.

Ra'ayina, tunda kana da ƙuruciya, ka yi karatun, amma kada ka saki kawunka. Na ga masu digiri da ba su san yadda ake zama da magada goma a kan gida ɗaya ba, ba su san a wace gaɓa ake kiran mai unguwa ba, ba sa iya bambance filin awon igiya da wanda gwamnati ta yanka. Wannan a gindin kawunka za ka koya. Abin da makaranta za ta ƙara maka shi ne doka da lissafin daraja. Misali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, ta kuma ce ba a sayar da fili mai takardar mallaka ko a jinginar da shi sai da yardarsa. Dillalai nawa ne a Kurna suka taɓa gaya wa mai saye wannan kafin ya ba da kafin alƙalami?

Akwai abin da za ka iya yi tun bana, ba sai ka jira digiri ba. Yi wa sana'arku rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yi rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta shafi masu harkar gidaje, ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Sannan ka saba da zuwa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, bincikar takarda kafin ka kai kowa ganin fili.

TAMBAYA: Malam, ni a Agege nake, ina sama wa 'yan uwanmu ɗakunan haya. An ce yanzu sai da rajista. Gaskiya ne?
Daga wata mai karatu, Legas.

AMSA: Gaskiya ne, Hajiya. Legas ta sha bamban da sauran jihohi: tana da LASRERA, hukumar da ke sa ido kan harkar gidaje da filaye, kuma dokar da gwamna ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta wa masu dillancin gidaje yin rajista da ita. Ba a neman digiri. Takardar gama sakandare ta wadatar, tare da shekara 18, da rajistar CAC, da shaidar biyan haraji, da wurin sana'a da za a iya samunki. Ki kuma buɗe asusu daban na kuɗin masu haya, kada ki haɗa shi da naki na cefane, domin shi ma yana cikin sharuɗɗan.