Saura mako guda Ista ban yi azumi ba, shin na makara?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ni mazauniyar Marwa ce, ina suyar ƙosai da safe a bakin hanya, ina kuma da goyo na wata biyar. Na tashi a ikkilisiyar da ba a cika maganar azumin kwana arba'in ba, maigidana kuwa ɗan Katolika ne. Ga shi saura mako guda Ista, ko yini ɗaya ban yi azumi ba. Maƙwabtana Musulmi kan tsokane ni, wai namu azumin wasa ne tunda muna shan ruwa. Ban da haka, tun Kirsimeti ba ma ga maciji da faccalata kan kuɗin adashe. Shin na makara? Me zan yi a 'yan kwanakin nan?

Amsa: Barka kadai, 'yata, Ubangiji ya raya abin da kike goyo. Ba ki makara ba. Makon da ya rage miki, daga Lahadin Dabino, ranar tunawa da shigar Yesu Urushalima, zuwa daren Asabar, shi ne ma zuciyar shirin gaba ɗaya, kuma ya girmi kwana arba'in ɗin a tarihi. Wajen shekara ta 190, Iraniyus, bishop na birnin Liyon a ƙasar da yau ake kira Faransa, ya rubuta wa Biktor, bishop na Roma, cewa masu bi ba su da tsari guda a azumin kafin Ista: wasu yini ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu sa'a arba'in, kuma wannan bai raba kansu ba. Sai a ƙarni na 4 kwana arba'in ya bazu, don koyi da azumin Yesu a jeji, da kuma shirya sababbin tuba da za a yi wa baftisma a daren Ista. In kin ƙirga daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, zuwa Asabar ɗin jajiberi za ki sami kwana 46; a cire Lahadi shida, domin ba a azumi a ranar da Ubangiji ya tashi, saura 40.

Dokar cocin maigidanki ma ba ta kai tsananin da kike zato ba. Ranaku biyu ne kawai na azumin dole, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, kuma a kan mai shekara 18 zuwa 59. Ana cin abinci cikakke sau ɗaya, a ɗan taɓa wani abu sau biyu, ruwa kuwa ba a hana ba. Daga shekara 14 ana barin nama a ranakun Juma'a na lokacin. Marar lafiya da mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu. Cocin Lutaran, irin su EELC mai cibiya a Ngaundere da EFLC ta Garwa, suna kiyaye lokacin a tsarin sujadarsu, amma sun bar batun ci da sha ga lamirin kowa. Ikkilisiyoyin bishara da yawa kuma sai a makon ƙarshe suke tarukan addu'a.

Ke kuwa ina ba ki shawara kai tsaye: kada ki ƙaurace wa ruwa. Ista takan faɗo ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar bazararmu, lokacin da zafi a Marwa da Garwa da Kuseri kan haura digiri 40. Mace mai shayarwa da ke tsaye gaban kaskon mai tun asuba, in ta hana kanta ruwa, jaririn ne zai fara biyan bashin. Maƙwabtanki ma sun san addininsu ya yi wa mai goyo sauƙi a watan Ramadan. A 2025 da 2026 azuminmu da nasu sun haɗu a lokaci guda, shi ya sa kwatancen ya yawaita a unguwanni. Ki girmama nasu, ki kai musu ƙosan shan ruwa in hali ya yi, amma kada ki auna naki da ma'auninsu. A Matiyu sura 6 Yesu ya ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada mutane su gane. Azumin da ake yi don rufe bakin maƙwabci ya riga ya karɓi ladansa a ƙofar gida.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne abin da kika sa a ƙarshe, kamar ƙaramin zance: faccalarki. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baiko gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ki lura da yadda ya jera abin. Bai ce a gama sujada sannan a nemi sulhu ba, kuma bai tsaya tantance wa ke da gaskiya ba. Ke da ita kuna cin tuwon gida ɗaya, mazanku ciki ɗaya suka fito, kuma ranar Lahadi mai yiwuwa layi ɗaya za ku bi zuwa Jibin Ubangiji. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kowa ya binciki kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, kuma matsalar da ya tarar a cikinsu ita ce tsattsaguwa da raina juna a wurin cin abinci.

Saboda haka ki je wurinta kafin Alhamis, ke da kanki, ba aike ba, ba saƙon WhatsApp ba. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa kusa. In kuɗinta ne a hannunki, ki riƙe abin da ya samu ko kaɗan ne, ki faɗi ranar cika sauran. In naki ne a hannunta, yafewa ba ta nufin kuɗin ya bi ruwa. Kina iya cewa gabar ta ƙare, maganar kuɗi kuma a zauna da uwar adashe ko wata dattijuwa daga zumuntar mata a daidaita. Na san tana iya juya miki baya. Romawa 12:18 ta yi la'akari da haka, shi ya sa ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunki. Ke dai kin sauke naki. A ganina wannan tafiyar ta fi azumin mako guda wuya, domin yunwa kan wuce da faɗuwar rana, sauke kai kuwa sai an danne zuciya.

Sauran kwanakin, ki bi labarin shan wuyar Yesu da tashinsa a Linjila. Markus ne mafi gajarta: daga sura 11 zuwa 16, sura ɗaya kowane dare bayan kin jiƙa waken gobe, ku karanta tare da maigida, ko ki saurara a waya in ido ya gaji. Ranar Alhamis ki ƙara Yahaya 13, inda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza da ya san zai bashe shi, da na Bitrus da zai yi musun saninsa kafin zakara ya yi cara. A cocin Katolika za ki ga fada yana maimaita wannan a sujadar yamma.

Juma'ar da aka gicciye Yesu hutu ce a Kamaru. In za ki iya ɗaga suya da wuri, ki raka maigida Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da tafiyar Yesu zuwa gicciye mai zango 14, ki zauna a inuwa da goyonki, babu laifi. Ƙarfe uku na rana ne lokacin da Linjila ta ce Yesu ya saki ransa. Ko kina gida, ki tsaya ki karanta Zabura 22 ko 51. Ranar ce kuma za ki iya yin irin azumin da jikinki zai ɗauka: ki sha kunu da ruwa yadda ya kamata, ki bar nama da kayan marmari, ki kame baki daga zancen mutane. Abin da kika rage, ki fitar da shi. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah ya zaɓa shi ne a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida. A yankinmu ba sai an yi nisa ba: tun 2013 sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo yake ɗauke da 'yan gudun hijira daga Najeriya, ga kuma waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukan kan iyaka suna zaune a cikin unguwanninku. Kwanon ƙosai ɗaya ga gwauruwar da ke layinku ya shiga lissafi. Baba Simon na Tokombere, wanda ya rasu a 1975, mutanen duwatsun Mandara ba su riƙe shi don yawan azuminsa ba. Abin da ake tunawa shi ne fada ne da ya yi yawo ba takalmi a cikinsu, ya zauna inda suke zaune.

Maigida kuma ki tuna masa da zuwa furta zunubi gaban fada, tunda cocinsa ta wajabta haka aƙalla sau ɗaya a shekara, da karɓar Jibi a lokacin Ista. Ke a naki ɓangaren, in akwai abin da ya tsaya miki a rai, ki sami matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙon asiri ku yi addu'a tare.

Asabar yini ne na shiru, sai dare a hura sabuwar wuta a harabar coci, a kunna kyandir, a yi wa sababbi baftisma. Sujadar tana da tsawo, don haka ki tafi da ruwan sha da zanen goyo na biyu. Batun ankon Ista da naman miya kuma, ku yi daidai aljihunku; kada ki ci sabon bashi wurin tela alhali maganar adashe ba ta mutu ba. In kin je wurin faccalarki, ki rubuto mini yadda kuka ƙare.