Me Ke Sa Ƙaramin Tsiro Ya Miƙe Ya Yi Tsawo?

Tambaya: Malam, me ya sa tsiron da bai daɗe da fitowa ba yake langaɓewa idan ƙasa ta bushe, amma da an ba shi ruwa sai ya miƙe ya ci gaba da tsawo?

Amsa: Malama, karan ƙaramin tsiro bai riga ya yi itace ba, saboda haka ruwa ne ke riƙe da shi. Ruwan da saiwa ta tsotsa yana shiga ƙwayoyin halittar tsiron domin gishiri da sukarin da ke cikinsu suna jawo shi, sai ya cika su ya matsa bangonsu da ƙarfin da sau da yawa ya fi na iskar tayar mota.

Sai dai matsin kaɗai ba ya kawo tsawo, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Dole sinadarin oksin, wanda tsiron ke samarwa a can ƙarshensa na sama, ya sa bangon ya saki, sannan ruwa ya ƙara shiga. Da yake zaruruwan bangon sun naɗe ƙwayar ta gefe, ba ta iya yin faɗi sosai, sai ta yi tsawo. Idan ruwa ya yi ƙaranci, girman yakan ragu tun kafin a ga yaushi a ganye.