Shin akwai tsarin da ke nuna wa ɗalibi abin da ya iya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma na ji cewa wasu jami'o'in Birtaniya sun yi gwajin wani tsari da ke taimaka wa ɗalibai su gane ƙwarewar da masu ɗaukar aiki ke nema. Yaya abin yake, kuma takardar digiri ba ta wadatar ba ne?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Gwajin da ya fi shahara shi ne na takardar da ake kira HEAR (Higher Education Achievement Report), wato rahoton nasarorin ɗalibi a jami'a. A 2007 wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Robert Burgess, shugaban Jami'ar Leicester na lokacin, ya bayyana cewa darajojin digiri, wato ta ɗaya, ta biyu da ta uku, irin waɗanda jami'o'in Nijeriya suka gada, ba sa nuna cikakken abin da ɗalibi ya aikata a shekarun karatunsa. Daga 2008 aka fara gwada takardar a manyan makarantu 18, sannan a 2012 aka shawarci sauran su rungume ta, ko da yake ba duka suka yi hakan ba.

Ban da makin kowane kwas, takardar tana da sashe na musamman da ake rubuta ayyukan da jami'a ta tantance, kamar aikin sa-kai, wakilcin ɗalibai da lambobin yabo. Jami'ar Sheffield kuma tana da manhaja mai suna mySkills, inda ɗalibi ke auna kansa tare da ajiye bayanin abubuwan da ya yi.

A ganina, amfanin irin wannan tsari shi ne yana tilasta wa ɗalibi ya kawo hujja. Ɗauki ɗalibar da ta riƙe muƙamin ma'aji a ƙungiyar sashensu: ita ke karɓar kuɗin wata-wata, ta rubuta shiga da fita a littafi, ta bi masu jinkirin biya da lalama, sannan ta tsaya gaban taro ta karanta lissafi. Idan aka tambaye ta a ganawar neman aiki, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta taɓa yin aiki ba, alhali riƙon amana, iya lissafi da iya magana gaban jama'a duk ta nuna su a aikace.

Sai dai tantancewa tana da wuya, tunda jami'a ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta shaida ba. Wannan kuwa na iya tauye ɗalibin da ke tsaron shago da yamma don ya biya kuɗin makaranta, domin wahalarsa ba lallai ta shiga takardar ba, kuma shi ne babban abin da nake kuka da shi game da tsarin.

Ke dai kada ki jira manhaja. Ɗauko littafin SIWES ɗinki, wato na horon aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, idan kwas ɗinku yana da shi, ki zaɓi ayyukan da kika fi taka rawa a ciki, ki rubuta matsalar da aka fuskanta, abin da ke da kanki kika yi da yadda aka ƙare, sannan ki roƙi wanda ya kula da ke a wurin ya sa hannu tun kafin ya manta da ke.