Buɗaɗɗiyar tambaya ko rufaffiya: da wacce za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun ƙera wata manhaja ta waya. Mutane suna saukewa, su yi rajista, bayan kwana biyu sai a neme su a rasa. Muna so mu ji dalili. Abokin aikina ya ce a tura musu fom mai zaɓi huɗu su danna ɗaya, ni kuma na fi son a bar su su faɗa da bakinsu. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara tambayar abokin naka: zaɓin nan huɗu, a ina ya samo su? In zama ya yi a ofis ya zaƙulo su daga kansa, to a wannan gaɓar ina bayanka.

Rufaffiyar tambaya ita ce wadda ka yanka wa mutum amsoshi ya zaɓa: eh ko a'a, ko ya ba da maki daga 1 zuwa 5. Tana da sauƙin cikewa da sauƙin ƙirgawa. Illarta ita ce duk abin da ka jera, shi mutane za su ɗauka, ko da ba shi ne a ransu ba. A 1987 Howard Schuman da Jacqueline Scott sun wallafa wani gwaji da suka yi a Amurka. Sun tambayi mutane wace matsala ce ta fi damun ƙasar. Rabi aka bar su su faɗa da kansu, rabi kuma aka ba su zaɓi huɗu: ƙarancin makamashi, ingancin makarantun gwamnati, zubar da ciki da gurɓatar muhalli, aka kuma ce suna iya kawo wata daban. Cikin waɗanda aka bari da bakinsu, ko kashi 3 cikin 100 ba su kai ba waɗanda suka ambaci ɗaya daga cikin huɗun nan. Cikin masu jeri kuwa, kusan kashi 60 suka zaɓi ɗaya. Ka ga ko gurbin "wani dalili daban" da ake sakawa a ƙasan fom bai cika yin ceto ba.

Abin da nake ji muku ke nan. Za ku sami alƙaluma tsaf, a zana su a allo, kowa ya gyaɗa kai, ku kwashe wata uku kuna gyaran abin da ba shi ya kori mutanen ba.

Sai dai buɗaɗɗiyar ma akwai yadda ake yin ta. Na taɓa zama da wata mai amfani da manhaja, na ce mata, "Rajistar ta yi miki sauƙi?" Ta ce eh, ta yi shiru. Shi ke nan, na rufe ƙofar da hannuna. Sai na sake: "Ba ni labarin ranar da kika buɗe ta karon ƙarshe, me kika shiga yi?" Ta ɗauko wayar tana nuna mini da yatsa: lambar sirrin da ake turowa ta saƙo ba ta isowa sai lokacinta ya ƙare, ta gwada sau uku ta haƙura. Da fom muka tura mata, da "ba ni da lokaci" za ta danna. Saboda haka ka tambayi abin da ya faru, da rana da wuri. Kada ka ce "za ka yi amfani da kaza in mun ƙara?", domin mutane suna jin nauyin cewa a'a, kuma ba su iya hasashen halinsu na gaba sosai. In mutum ya yi shiru, ka daure ka yi shiru kai ma; galibi abin da zai biyo baya shi ne zinariyar.

Kada kuma ka cika fom da manyan gurabe na rubutu. Bugawa a waya akwai gajiya, da yawa za su tsallake, wasu su rubuta "ba komai". Buɗaɗɗiyar tambaya ta fi armashi a hira, baki da baki ko ta kiran waya.

Ga yadda zan yi in ni ne ku. Ku kira mutum takwas ko goma cikin waɗanda suka daina shiga, ku saurare su, ku rubuta kalmominsu yadda suka faɗa. In kun ji dalilai sun fara maimaituwa, lokacin abokinka ya yi: a ɗauki dalilan nan, da lafazin masu su, a mayar da su zaɓi, a tura wa ɗaruruwa. Hirar mutum goma ba za ta gaya muku kashi nawa ne matsalar ta shafa ba, fom ɗin ne zai gaya muku. Ku riƙa jujjuya jerin zaɓin daga mutum zuwa mutum, don a rubuce ido ya fi faɗawa kan na sama. A ƙarshensa ku bar gurbi ɗaya tak ga mai son ƙarin bayani, kuma ku sa wani ya zauna ya karanta duk abin da aka rubuta a ciki.