Amsa kan gandun daji a gaɓar Tekun Gini

Malam, ka ce kana son kai yara gandun daji kusa da teku, kana tambayar wanne ya fi. Ni dai Kakum na Gana zan zaɓa maka. Yana da nisan kusan kilomita 30 arewa da garin Cape Coast, hanya ba wuya. Abin da ke jan mutane shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai ne da aka ɗaure a jikin manyan bishiyoyi, sama da mita 30 daga ƙasa. Tana lilo sosai, mai jiri ya yi tunani tukuna. Ku isa da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin. Amma kada ka yi wa yara alkawarin ganin giwa. Akwai su, sai dai daji ne mai duhu, ba kamar Yankari ba inda ake hangen dabba daga nesa. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi kam za su gani har su gaji.

In giwa a rairayin bakin teku kake so, sai gandun Loango a Gabon, amma kuɗin zuwa can ba na wasa ba ne.

Korup na Kamaru ka bar shi tukuna, yana yankin Kudu maso Yamma da ke fama da rikici tun 2016. Gandun Cross River, wanda aka kafa a 1991, ya fi dacewa da manya masu jure tafiyar ƙasa, kuma da rani, don da damina hanyoyinsa caɓi ne.