Amsa kan Indiyawa masu suna Patel

Malam, ka tambaya ko Indiyawan nan masu suna Patel jinin sarauta ne. Na yi karatu a jihar Gujarat, a cikinsu na zauna, bari in tofa albarkacin bakina.

Ba su gaji sarauta ba, manoma ne gaba da baya. A da Kanbi ake ce musu. A yankin Charotar, wajen Kheda da Anand, wasu gidajen Kanbi suka ɗauki nauyin tara harajin ƙauye suna miƙa wa hukuma, kamar dagatai a wajenmu, tun kafin zuwan Turawan Ingila. Mai riƙe da haraji kuwa shi ke riƙe da gona. Turawa suka bar musu wannan matsayi. Masu kaso a ƙasar ƙauyen su ne Patidar, waɗanda galibinsu ke amsa sunan Patel, daga baya sauran Kanbi ma suka ari sunan, har ya shiga ƙidayar 1931.

Inda abin ya fi ɗaure mini kai shi ne aure. Akwai garuruwa shida da ke ganin sun fi kowa asali, cikinsu har da Dharmaj da Karamsad, garin su Sardar Vallabhbhai Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Indiya. A can iyayen mace ke kai dukiya gidan miji, to uban da ke son 'yarsa ta shiga waɗannan garuruwa sai ya ji a jikinsa. Wani abokin karatuna ya ce mini kakansa gona guda ya sayar don aurar da 'ya ɗaya. Ni dai ban ga birgewa a nan ba.

Bayan yunwar 1899 da yawa suka tsallaka Gabashin Afirka neman arziki. Idi Amin ya kori Indiyawa daga Uganda a 1972, suka watsu Ingila da Amurka; a Amurka yau sun yi kaka-gida a harkar ƙananan otal. Na zaga Dharmaj, manyan benaye ne reras da kwaɗo a ƙofa, masu su na Landan, ga gonakin taba a bayan gari.

Amma kada ka ɗauka duk Patel mai kuɗi ne. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado, samari sun yi boko babu aiki. Shi ya sa a 2015 suka cika birnin Ahmedabad ƙarƙashin jagorancin wani matashi, Hardik Patel, suna neman a saka su cikin masu kason guraben karatu da aikin gwamnati.